Kiɗan da Bai Ga Hoto Ba



Yau maganar kiɗan fim za mu yi, amma ba waƙar da ake taka rawa da ita ba. Kiɗan da nake nufi shi ne wanda ke gudana a ƙarƙashin magana, wanda ba a rubuta sunan mai shi a fosta, ba kuma wanda ke roƙon a tura masa shi a waya. In kun samu sarari ku gwada wani abu. Ku kunna ɗaya daga cikin finafinan nan masu dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako, ku kife wayar, ku saurara da kunne kawai. A da yawa daga cikinsu abin da za ku ji shi ne fiyano ɗaya tana nanata abu ɗaya. Ana gaisuwa tana nan, ana rigimar gado tana nan, an aiko da saƙon rasuwa tana nan, sai dai a ɗan ƙara mata sarewa. Wanda ya haɗa wannan kiɗa bai ga fim ɗin ba. Wataƙila ma ya haɗa shi tun ba a rubuta labarin ba. Kiɗan yana ajiye ne a kwamfutar edita tare da 'yan uwansa, wannan an rubuta masa baƙin ciki, wancan soyayya, na can tashin hankali. Edita ya jawo ya shimfiɗa a ƙarƙashin hoto, inda ya ƙare ya sake manna shi daga farko.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, mu ba mutane ba ne da ba su iya haɗa sauti da hoto ba. A ɓangaren waƙa mun daɗe da ƙwarewa. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kuma kafin shekarun 1990 su ƙare fiyanon Yamaha ta riga ta zauna daram a situdiyoyin garin. Da Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta riga fim ɗin shiga gari, furodusoshi suka gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Tun daga nan tsari ya kafu: a shiga situdiyo a buga waƙa, a ɗauke ta a tafi lokeshan, a kunna, jarumai su yi mamin. A Indiya aka ga wannan hanya, kuma can ma tsohuwa ce, tun fim ɗin Dhoop Chhaon na Nitin Bose a 1935. Muryoyin da iyayenmu suka haddace a silimar Plaza da Marhaba, na su Lata Mangeshkar ne da Mohammed Rafi, bakin da ke motsi a majigi kuwa na wasu ne daban.

To a wannan tsari waƙa ce gaba, hoto na biye. Hannunmu ya faɗa da shi. Matsalar ita ce shi kaɗai muka iya, alhali kiɗan ƙarƙashin labari akasin haka yake so. Hoto ne gaba, kiɗa ke bin sa.

Kuma kayan aikin suna nan a gabanmu. Fiyano ta koma cikin kwamfuta. Yaro a Fagge ko Tudun Wadar Kaduna ko Zinder, da ƙaramar kwamfutarsa da FL Studio, manhajar da kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fitar tun ƙarshen shekarun 1990, ko Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus wadda ta fito a 1989, yana da abin da babu situdiyon da ya mallaka a Kano lokacin Sangaya. Manhajojin nan biyu duk suna iya buɗe bidiyo a gefe guda, mutum yana buga kiɗa yana kallon hoto. Taga ce ƙarama a cikin manhajar, kuma ina da tabbacin akwai makaɗa da yawa da suka shekara suna aiki ba su taɓa buɗe ta ba, don ba wanda ya taɓa kawo musu hoton.

Ku tuna makaɗin dambe. Ɗan Anace bai taɓa zama a gida ya buga kalangu ya aika da shi fage ba. A bakin da'ira yake tsayawa, idonsa na kan 'yan wasa. In ɗan dambe Shago ya taso ya san taken da zai kaɗa, in an ja daga ya san inda zai sassauta, in an yi kisa ya san abin da zai yi. Kowane ɗan dambe da takensa, har ta kai ko kana bayan taro ba ka ganin komai, kunnenka zai gaya maka wa ya shigo. Manyan masu kiɗan fim na duniya ba abin da suke yi da ya wuce wannan. A fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, 1975, John Williams ya yi wa kifin nan mai cin mutane take da sauti biyu kacal. Galibin farkon fim ɗin ba ka ganin kifin, takensa kake ji, gabanka ya faɗi. Akwai wurin da wasu yara biyu suka yi wasan tsoratar da masu wanka da ƙirar bayan kifi ta ƙarya, jama'a suka watse da ihu, amma ba a kaɗa taken ba, domin ba kifin ba ne. Kiɗan bai yi wa mai kallo ƙarya ba. Wannan ba ya yiwuwa sai makaɗi ya zauna ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe tare da darakta, sun tsaya a kowace fitowa sun yanke shawara: nan a shiga, nan a fita, nan kada a taɓa komai.

Wani zai ce ai akwai manyan da suka fara yin kiɗa kafin hoto. Gaskiya ne. Sergio Leone ya sa Ennio Morricone ya rubuta kiɗan Once Upon a Time in the West tun ba a ɗauki fim ɗin ba, aka riƙa kunna shi a lokeshan, ya fito a 1968. Amma ku lura, Leone ya auna tafiyar jarumai da juyawar kyamara ne a kan kiɗan. Ko ta wace hanya aka bi, ɗaya ya ga ɗaya. Namu kuwa sai ranar da za a ɗora fim a intanet suke haɗuwa.

Mu kuma muna da wani nauyi da Bature ba shi da shi. Kayan kiɗanmu kowanne da gidansa. Kakaki da tambari na sarauta ne. Garaya ta maharba ce da 'yan bori. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da dandali. Kotso da taushi na fada ne, irin na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi. Ƙwarya da shantu na mata ne a cikin gida. A manhaja duk waɗannan maɓalli ne kawai, ka danna su fito. Shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa ya fito daga mota a fim an busa masa kakaki, ko ana zaman makoki garaya na tashi a ƙasa-ƙasa. Yaron da ya sa yana jin daɗin sautin ne kawai. Tsohuwar da ke kallo a tsakar gida kuwa ta ji abin da aka ce mata, kuma ba shi darakta yake nufi ba.

Yanzu bari mu shiga ɗakin aikin, don ko an yi kiɗa mai kyau, wurin ɗora shi a kan hoto ne ake yawan yin ɓari.

Kwamfuta ba ta ajiye sauti a dunƙule. Tana ɗibarsa ne ƙanana-ƙanana, sau dubbai a kowane sakan. Faifan CD an gina shi a kan ɗiba 44,100 a sakan, kuma manhajojin kiɗa da yawa a nan suke buɗewa in ba ka sauya ba. Bidiyo kuwa a kan 48,000 yake tafiya. Manyan manhajojin haɗa hoto irin su Adobe Premiere da DaVinci Resolve sukan daidaita wannan da kansu, amma in aka yi rashin sa'a na'ura ta karanta na 44,100 a matsayin 48,000, kiɗan zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Waƙar minti 5 ta ƙare a minti 4 da sakan 36, muryar mawaƙi ta siranta kamar an matse masa wuya. Maganin ba ya cin ko kwabo. Ɗan'uwa makaɗi, in ka san aikin na bidiyo ne, tun kafin ka buga sauti na farko ka saita manhajarka a 48,000, shi ke nan.

Shi ma hoto yana da nasa lissafi. Talbijin a Nijeriya da Nijar hoto 25 yake nunawa a sakan, silima 24, wayoyi kuma galibi wajen 30. Waya tana da wata ɗabi'a da ke wahalar da editoci: ba ta tsayawa a kan adadi ɗaya. In haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka, in ta samu sarari ta ƙara. Ka ɗora waƙa a kan irin wannan hoto, farko baki da murya suna tare, kafin a kai baiti na uku sun rabu. Edita ya yi ta ja yana turawa, ya gyara nan can ya goce, yana zargin mawaƙi, mawaƙi na zargin jaruma. Laifin na wayar ne. Akwai manhaja ta kyauta, HandBrake, da ke mayar da hoton kan adadi tsayayye kafin a fara aiki. Minti kaɗan ne, ya hutar da mutum kwanan zaune.

Ga wani lissafi da nake so masu yin waƙar bidiyo su riƙe, don yana da daɗi. A hoto 25 a sakan, kiɗan da ke tafiya bugu 100 a minti, kowane bugu yana cin hoto 15 cif. Mai bugu 125, hoto 12 cif. Amma mai bugu 120, wanda manhajoji da yawa ke farawa da shi, yana cin hoto 12 da rabi, kuma ba a yanka rabin hoto. Edita mai son yanka ya faɗi a kan bugu zai riƙa gocewa kaɗan, yau gaba gobe baya. Ba wani babban aibi ba ne, mai kallo ma ba lalle ya kama ba. Sai dai in makaɗi da edita sun yi magana ta minti biyu kafin a fara, sai a zaɓi gudun da ya dace da hoton, yankan ya riƙa zama daidai kamar an auna da ma'auni.

Kunne da ido kuma ba adalci suke yi ba. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mutum yana fara lura in sauti ya riga hoto da kusan kashi 45 cikin dubu na sakan, wato hoto ɗaya da ɗan ɗoriya. In kuwa sautin ne ya makara, sai ya kai wajen kashi 125, kimanin hoto uku, kafin a damu. Dalilin a fili yake. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a sakan, haske kuwa nan take. Tun muna yara mun saba ganin taɓarya ta sauka a turmi daga nesa kafin ƙarar ta iso. Amma ba mu taɓa jin ƙara kafin a buga ba, shi ya sa ƙwaƙwalwa ba ta yafe wannan. Malam edita, in dole ne ka kuskure, ka kuskure ta baya.

Wannan lissafin yana bin mu har lokeshan. Duk mita 14 tsakanin lasifika da mai rawa, jinkirin hoto ɗaya ne. An kai jaruma kan dutse, lasifika na ƙasa wajen mota, tazarar mita 40, ita tana bin abin da take ji ne da gaskiyarta, amma ta makara da kusan hoto uku. A matso da lasifika kusa da ita. A sa ƙirga ko tafi ɗaya mai ƙarfi a farkon waƙar, a bar makirufon kyamara a buɗe ya ɗauki abin da ake kunnawa, don da shi edita zai daidaita ainihin waƙar. Kuma don Allah, waƙar da aka yi mamin da ita, ita za a kai wa edita. Mawaƙi ya koma situdiyo bayan an ɗauki hoto ya ce ya ɗan ƙara mata gudu don ta fi armashi, ya kashe aikin mutum ashirin.

Sai maganar yadda ake miƙa kiɗan. An saba a tura ta WhatsApp a matsayin MP3, don sauƙi. MP3 matsattsen sauti ne, an zubar da wani ɓangarensa don ya yi ƙanƙanta, yakan kuma ƙara ɗan guntun shiru a farko. Edita zai sake matse shi in ya fitar da fim, YouTube ya sake matsewa. Sau uku ke nan. A ba da WAV, a filas ko a tura shi a matsayin fayil. Kuma kada a ba da shi a dunƙule. Ganguna daban, fiyano daban, abin busa daban, amshi daban, duk su fara daga wuri ɗaya. Amfanin wannan yana fitowa ne lokacin da jarumi ya buɗe baki.

Domin a nan ne babban faɗan yake, tsakanin kiɗa da magana. Abin da ke sa a gane kalma, wato baƙaƙen da ke rarrabe ta da 'yar uwarta, yana zaune ne a tsakanin 1,000 da 4,000 a ma'aunin kaifin sauti. Algaita da sarewa da saman fiyano su ma can suke zaune. In suka haɗu, kunne ya rasa wanda zai bi. Hausa kuma harshe ne mai hawa da sauka, ma'ana na rataye a kan karin murya da jan wasali. Kalangu kuwa ai magana yake yi, abin da aka ƙera shi don shi ke nan, kwaikwayon wannan hawa da saukar. Ka sa kalangu a ƙarƙashin hirar uwa da 'yarta, ka sa mutum na uku a ɗakin yana surutu. In edita yana da kowane kaya daban, sai ya janye kalangun da sarewar ya bar abin da ke kwance a ƙasa, magana ta wuce, sannan ya dawo da su. In a dunƙule aka ba shi, ba shi da zaɓi sai ya rage duka ko ya bar duka. Galibi barin duka ake yi, shi ya sa dattawa ke cewa finafinan yanzu ba a jin abin da ake faɗa.

Rarrabewar tana da wani amfani na gaba. Kun sha jin finafinan Indiya da aka mayar Hausa, inda kiɗa ke ɗaukewa ɗif da zarar muryar Hausa ta shigo, ya dawo in ta fita. Alama ce ta cewa mai fassarar bai samu kiɗan daban ba, dole ya danne komai don ya sa muryarsa. Ranar da wani zai so mayar da fim ɗinmu Faransanci ko Larabci ko Fulatanci, abin da zai fara tambaya shi ne kiɗa da ƙarar wuri ba tare da magana ba. Wanda bai ajiye ba, cinikin ya wuce shi.

Ƙara kuwa, ba sai na daɗe a kanta ba. Ƙungiyar gidajen rediyo da talbijin na Turai ta kafa ma'auninta tun 2010, 23 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS, YouTube kuma yana rage duk abin da ya haura wajen 14 ƙasa da sifili. Wanda ya cika sautinsa har yana tsagewa don ya fi na kowa ƙara, za a rage masa, tsagewar kuma ta zauna. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda za a saurara. A situdiyo akwai manyan lasifikoki, ganga na dukan ƙirji. Mai kallo kuwa yana riƙe da waya mai lasifika ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa, a shago, janareta na kuka, Keke Napep na wucewa. Wannan lasifika ba ta fitar da kaurin sauti ko kaɗan. Kafin a ce aiki ya kammala, a tura shi ƙaramar waya, a fita bakin titi a saurara. In an ji maganar a nan, za a ji ta ko'ina.

Akwai kuma shiru, wanda editocinmu ke tsoro kamar bashi. Uwa ta ji labarin ɗanta, ta zauna a bakin gado. Numfashinta da kukan kaza a tsakar gida sun isa. Da zarar an zuba mata sarewar nan ta kullum, an gaya wa mai kallo cewa fim yake kallo, hawayen da ya taho ya koma. Kiɗan da bai taɓa tsayawa ba, bayan minti goma kunne ya daina jin sa, ya zama kamar ƙarar fanka. Ranar da ake buƙatarsa da gaske ba shi da sauran ƙarfi.

Na san amsar furodusa: kuɗi da lokaci. Fim na fita duk mako, wa zai biya makaɗi ya zauna ya kalli kowane kashi? Tambaya ce mai kyau, amma a duba abin da ake asara ta ɗaya hanyar. Kiɗan da aka tsinto daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, YouTube na da na'urar gano shi, Content ID, kuma in mai shi ya yi iƙirari, kuɗin tallan kashin nan gaba ɗaya yana iya komawa aljihunsa, ko a toshe shi a wasu ƙasashe. Nijeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Fim mai dogon zango ba ya buƙatar sabon kiɗa duk mako. Manyan jarumansa huɗu ne ko biyar. A biya makaɗi sau ɗaya ya kalli kashin farko-farko, ya yi wa kowa take, kowane take ya fitar da shi kala uku ko huɗu, mai sanyi da mai zafi da gajere na sakan biyar, kayan a rarrabe. Wannan zai ɗauki zango guda cur, in an samu fitowa mai nauyi a sake kiran sa.

Sai dai a rubuta yarjejeniya, ko da rabin takarda ce, a faɗi wa ke da kiɗan da inda aka yarda a yi amfani da shi. Yana faruwa makaɗi ya sayar wa furodusa kiɗa, bayan wata biyu ya ɗora shi a dandalin sayar da waƙoƙi ta hannun kamfanin rarrabawa, kamfanin ya shigar da shi Content ID, na'ura ta kama fim ɗin da aka yi kiɗan dominsa. Ita ba ta san an yi ciniki a shagon mai shayi ba, takarda kawai ake nuna mata. A kuma sa sunan makaɗin a farkon fim tare da na darakta da mai ɗaukar hoto, don wani furodusan ya san wanda zai nema.